Rigimar Manya Ta Shigo Unguwa

Duk wanda ya bi ta Gyadi-Gyadi ko Tarauni bayan sallar la'asar, zai lura majalisun da a dā ake zama tabarma guda yanzu sun dāre biyu. Ga masu jar hula a nan, ga abokan hamayyarsu can tsallaken titi, har gaisuwa ta yi wuya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. Tun zamanin NEPU da NPC an sha ganin wa da ƙane sun daina cin tuwo tare. Bayan 1979 jam'iyyar PRP ta rabu, aka sami 'yan Santsi da 'yan Taɓo. Kwankwaso da Ganduje kuwa sau biyu suna mulki tare, gwamna da mataimakinsa, kafin su ɓata a 2016. A 2019 aka raba masarautar Kano gida biyar, a 2020 aka tuɓe Sarki Sanusi II, a 2024 aka mai da shi, magana ta kai Babbar Kotun Tarayya da ke nan Gyadi-Gyadi.

Abin lura shi ne, manya sukan ɓata su shirya, gama harshe da haƙori ma sukan saɓa. Talaka ake bari da gaba.

Saboda haka muna jan kunnen malaman makaranta da na ofis, kada su duba hular mutum kafin su biya masa bukata. Ranar jana'iza maƙwabci ne zai kama makara, ba jam'iyya ba.