Agogon da Bai Yi Kira Ba

Kawuna mai gyaran agogo da rediyo ne a Kibiya. Ran da na kai masa tsohon agogona daga Rano, ya buɗe bayansa da bakin 'yar wuƙa, ya maƙala gilashi a ido, ya hure ƙurar da ke ciki, sai hira ta kai mu ga agogunan masu kuɗi. Na ce masa akwai wanda idan ka ɓata a daji zai kira maka jirgi. Ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, wanda yake da irin wannan ai ba ya ɓata." Na ce akwai wanda yake da shi, ya ɓata, aka shekara ana cigiya.

Sunansa Steve Fossett, attajiri ɗan Amurka mai shekara 63. A 2002 shi ne mutum na farko da ya zagaye duniya shi kaɗai a cikin balan-balan, a 2005 kuma ya sake zagaye ta shi kaɗai a jirgin sama, bai sauka ba, bai ƙara mai ba. Da safiyar Litinin, 3 ga Satumba 2007, ya tashi da wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya daga wata gona a jihar Nebada, zai ɗan yi shawagi ya dawo. Rana ta take, ta karkata, ta faɗi, babu shi babu labarinsa.

Nan da nan magana ta bazu cewa yana ɗaure da Breitling Emergency, agogon da wani kamfani na ƙasar Suwizalan ya fitar a 1995. A ido agogo ne mai kauri kamar na matuƙa jirgi, amma a gefensa na ƙasa akwai wani murfi mai kama da kan noti. Idan ka warware shi ka ja, sai siririyar waya ta biyo, ita ce eriya, daga nan agogon ya shiga aika sigina a kan mita 121.5, mitar neman agaji ta jiragen sama, har tsawon awa 48. Ba tatsuniya ba ce. A Janairun 2003 jirgi mai saukar ungulu ya faɗa teku kusa da Antatika da Turawan Ingila biyu, Steve Brooks da Quentin Smith. Suna cikin kwale-kwalen roba, Brooks ya kira matarsa ta wayar tauraron ɗan'adam, aka kuma bi siginar agogon har sojojin ruwan ƙasar Chile suka tsamo su da ransu.

To me ya hana na Fossett magana?

Kawu bai yi dogon tunani ba. "Da kansa yake kiran, ko sai an taɓa shi?" Na ce sai an taɓa. Agogon bai san mai shi ya faɗi ba. Sai hannu mai rai ya murɗa murfin. Masu neman sun san haka, shi ya sa shirun ya fi tayar musu da hankali fiye da komai. Amma akwai abin da ya riƙe musu fata. Siginar agogon ba ta da ƙarfi sosai. Jirgin da ke can ƙololuwar sama zai iya jin ta daga nisan kilomita 160 idan fili ne shimfiɗaɗɗe ko teku, amma idan mutum na cikin kwazazzabo tsakanin duwatsu, dutse ɗaya ya isa ya tare ta. Duk wanda ya taɓa hawa tudu yana ɗaga waya sama don neman sabis a ƙauyukan da ke kewaye da Rano ya san wannan ba sai an karanta masa ba. Wato mai yiwuwa mutumin yana raye yana kira, kunnen ne bai iso kusa ba.

Kwana goma ana wannan zullumi. A 13 ga Satumba matarsa Peggy ta fitar da sanarwa: ƙwarai mijinta yana da agogon, amma ran nan bai ɗaura shi ba.

Kawu ya ajiye 'yar wuƙar. Ni kuwa wannan gaɓar ce ta fi tsaya mini a rai tun ran da na fara jin labarin. Mutumin da ya ƙetare tekuna ya bar abin ceton ransa a ranar da tafiyar ba ta kai ta kawo ba. Ba na ganin laifinsa. Mu ma idan za mu Kano mukan cika waya da caji, mu yi sallama da kowa, amma idan gona za mu leƙa a kan hanyar Kibiya sai mu zura takalmi kawai mu fita, alhali a watan Satumba dawa ta fi mutum tsawo, wanda ya faɗi a cikinta ba mai hango shi daga hanya.

Sanarwar ta warware ƙulli ɗaya, ta bar wani. Jirgin ma yana da tasa na'urar neman agaji, ita kuma ba ta jiran hannu, girgizar faɗuwa ce ke tayar da ita. Ita ma shiru. Aka baza jirage suka tace ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 52,000, wato fiye da ninki biyu na jihar Kano. Dubban mutane suka zauna a gaban kwamfuta suna duba hotunan tauraron ɗan'adam a intanet. An gano tarkacen tsofaffin jirage takwas da ba su cikin lissafi, nasa kuwa ko alama. A Fabrairun 2008 kotu ta ayyana cewa ya mutu, masu tsegumi kuma suka ce ɓuya ya yi.

Abin da jirage suka kasa, ƙafa ce ta yi shi. A 29 ga Satumba 2008 wani mai yawon hawan duwatsu kusa da Mammoth Lakes a jihar Kalifoniya ya tsinci katunan shaida masu sunan Fossett da kuɗi dala 1,005. Bayan kwana biyu aka hango tarkacen jirgin a jikin tsauni, a tudun da ya kai mita 3,000, fiye da kilomita 100 kudu da inda ya tashi. Na'urar jirgin ta farfashe tare da shi. A Nuwamba gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar da cewa ƙasusuwan da aka samu a yankin nasa ne. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta kammala aikinta a 2009: iska mai danno ƙasa ce ta fi ƙarfin jirgin a tsakanin tsaunuka. Jami'an yankin sun ce irin wannan karon nan take yake kashewa.

"Ashe ko yana hannunsa babu mai murɗa shi," in ji Kawu, a hankali. "Allah Ya sa mu cika da imani."

Ya tambaya ko har yanzu ana yin agogon. Na ce tun 1 ga Fabrairu 2009 taurarin ceto na tsarin Cospas-Sarsat suka daina sauraren tsohuwar mitar, sai kamfanin ya fito da sabo a 2013 mai ƙarin mita 406, wadda tauraro ke ɗauka ya miƙa wa cibiyoyin ƙasa, cikinsu har da ta Abuja. A lokacin da ya fito kuɗinsa ya haura dala 15,000, kuma shi ma sai an murɗa.

Ya mayar da bayan agogona, ya danna da babban yatsa har ya ce ƙas, ya kara shi a kunne. Yana miƙo mini ya ce, "To shi da zai tashi, bai rubuta wa ma'aikatan jirgi hanyar da zai bi ba?" Na ce bai rubuta ba, Kawu, doka ba ta wajabta haka ga irin wannan gajeren tashi ba.