Nau'in Giya da Ciwon Hanta: Tsakanin Illar Hukunci da Binciken Likitoci

Gabatarwa

 Akwai wata shubuha da mai wa'azi a yankin Karaye da Rogo yake buƙatar amsarta. Rogo Sabon Gari tana cikin ƙaramar hukumar da ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina, ƙasar noman dawa, kuma da dawa ake yin burukutu. Duk da hana sayar da giya a Jihar Kano, da kafa Hukumar Hisba a 2003, ana jin masu cewa burukutu abinci ne, ko kuwa ɗan abin da ke cikin leda maganin gargajiya ne, giya mai ƙarfi ce kaɗai ke kashe hanta. Wannan maƙala za ta auna maganar da ma'aunin fiƙihu da na likitanci.

Matsayin Malaman Fiƙihu

Haramcin giya ya sauka daki-daki: Baƙara aya ta 219, Nisa'i aya ta 43, sannan Ma'ida aya ta 90 da 91. Saɓanin da ya biyo baya a kan ma'anar kalmar khamru ne. Imam Abu Hanifa da malaman Kufa sun keɓe ta ga ruwan inabi, suka sassauta a kan ɗan abin da bai kai ga maye ba na wasu nau'o'in nabizu. Imam Malik da Shafi'i da Ahmad sun tafi a kan cewa duk abin sha mai bugarwa giya ne, kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Ibn Rushd ya warware hujjojin ɓangarorin a Bidayatul Mujtahid, kuma fatawar Hanafawa daga baya ta koma ga ra'ayin Muhammad ash-Shaibani, wanda ya dace da jamhuru.

Hujjar jamhuru ta shafi burukutu kai tsaye. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Abu Musa al-Ash'ari ya yi tambaya a kan abubuwan sha biyu na Yaman, ɗaya na zuma, ɗaya na hatsi, sai Annabi (SAW) ya rataya haramcin a kan bugarwa. Sayyidina Umar kuma ya lissafa a kan mumbari cewa ana yin giya da inabi, dabino, zuma, alkama da sha'ir. Ke nan illar hukunci ita ce sa maye, asalin abin da aka jiƙa ba ya sauya ta.

Abin da Hanta ke Fuskanta

Sinadarin da ke bugarwa a kowace giya ɗaya ne, wato itanol. Hanta ce ke narkar da mafi yawansa, tana fara mayar da shi asetaldihaid, dafi mai lalata ƙwayoyinta. Idan shan ya ɗore, sai kitse ya taru a hanta, sai kumburi, sai ta ƙandare da tabo. A nan ne ake ganin shawara, ciki ya cika da ruwa, wani lokaci har aman jini. Matakin kitse yana warkewa idan aka daina sha. Tabon ƙarshe kuwa galibi ba ya komawa.

Bambancin nau'o'in yana ga yawan itanol: burukutu kusan kashi 3 zuwa 6 cikin ɗari, giyar kwalba kusan 5, ta inabi kusan 12, tatacciya kusan 40. Amma lissafi yana tona asirin shubuhar. Lita guda ta burukutu mai kashi 4 tana ɗauke da mililita 40 na itanol, daidai da ledoji biyu masu mililita 50 na tatacciya. Hanta tana lissafa jimillar abin da ya iso mata ne, da tsawon shekarun da aka yi ana sha.

Inda Nau'i ke da Tasiri

Wani bincike a Danmak, wanda aka buga a 2002, ya sami ƙarancin ƙandarewar hanta a tsakanin masu shan giyar inabi. Sai wani binciken a ƙasar, a 2006, ya duba rasidun kantuna ya ga masu sayen ta sun fi sayen kayan lambu da 'ya'yan itatuwa. Wannan ya nuna cewa zaɓin giya yana tafiya da wadata da yanayin rayuwa, don haka ba a jingina sauƙin ga giyar kanta kai tsaye.

Inda nau'i ke tasiri shi ne yanayin sha. Tatacciya tana shiga jini da sauri, 'yar leda kuma tana da araha, tana ɓuya a aljihu, shi ya sa take saurin jan matashi zuwa jaraba. Saboda haka ne hukumar NAFDAC ta sanar da hana ta a Fabrairun 2024, tare da ƙananan kwalabe da ba su kai mililita 200 ba. Ogogoro kuwa yakan gurɓata da metanol, kamar yadda ya hallaka mutane a jihohin Ondo da Ribas a 2015. Ga kuma ciwon hanta nau'in B, wanda binciken ƙasa na 2018 ya samu a jikin kusan kashi 8 cikin ɗari na manya a Nijeriya. Mai ɗauke da shi idan yana sha, ya haɗa wa hantarsa abokan gaba biyu.

Kammalawa

Haramcin giya ya tabbata da nassi, ba ya jiran sakamakon bincike. Binciken yana bayyana hikimar kiyaye hankali da rai ne. Haɗin saiwoyi da aka jiƙa a giya ma ya shiga hukuncin, domin a hadisin Ɗariƙ bin Suwaid da Muslim ya ruwaito an kore kasancewar giya magani. Abin da ya kamaci limamai da malaman Islamiyya a Rogo da Karaye shi ne su bayyana illar hukuncin da lissafinta, su suturta wanda jaraba ta kama, su nuna masa hanyar asibiti don gwajin hanta. Wanda ya daɗe yana sha ya daina a ƙarƙashin kulawar likita, domin yankewa farat ɗaya tana iya jawo jijjiga mai haɗari. Allah ne mafi sani.