Bushewar Ido: Tsakanin Gaskiya da Jita-jita

Bushewar ido larura ce da ke samuwa idan hawayen da ke lulluɓe ƙwayar ido ya yi ƙaranci, ko yana ƙafewa da wuri. Mai fama da ita yakan ji kamar an watsa masa yashi a ido, ga raɗaɗi, ga ja, ga rashin jure haske. Wani kuma gani ne ke dusashe masa in ya daɗe yana karatu, da ya ƙifta sai ya washe. Maganganu sun yi yawa a kan larurar, kuma wasu daga cikinsu sun fi ita kanta cutar da ido.

Yadda hawaye ke aiki

Lafiyayyen ido kullum a jiƙe yake, ko ana kuka ko ba a yi. Siririn hawayen da ke kansa hawa uku ne. Na ƙasa yauƙi ne da ke manna hawaye a jikin ƙwayar ido. Na tsakiya ruwa ne mai ɗan gishiri, daga wata 'yar gaɓa da ke ƙarƙashin gira. Na sama maiƙo ne da ke tsattsafowa daga ƙananan kafofi kimanin 20 zuwa 40 da ke jere a bakin kowace fatar ido, bayan tushen gashi. Maiƙon nan ke hana ruwan tashi, kamar yadda man da ya taso saman miya ke tsare tururi. Kowace ƙiftawa tana shimfiɗa sabon hawaye. A wajen mafi yawan masu larurar, kafofin maiƙon ne suka toshe, ba ruwan ne ya ƙare ba.

Ana cewa idon da ke zubar da ruwa ba busasshe ba ne

Ƙarya ne. Yawan hawaye na cikin alamomin da aka fi gani. Idan saman ido ya bushe, jijiyoyinsa kan kai saƙo, sai ruwa ya ɓarke lokaci guda. Amma ruwa ne tsagwaronsa, maiƙonsa kaɗan, don haka yana gangarowa kunci ya bar ido yadda ya same shi. Haka nan maganar cewa yawan kuka na ƙarar da hawaye ba ta da tushe, domin jiki ba ya daina sarrafa shi.

Ana cewa hunturu ne ke kawo ta

Akwai gaskiya a nan. Daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris, danshin iska a garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Damagaram yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga ƙura. Mai tuƙa babur ba tabarau, da mai girki da itace cikin hayaƙi, da mai kwana fanka na busa masa fuska, duk hawayensu na saurin ƙafewa. Sai dai yanayi tsananta larurar yake yi. Idan damina ta faɗi ido bai sarara ba, akwai wani dalili a jiki.

Ana cewa waya da kwamfuta na busar da ido

Gaskiya ne, amma laifin ba na shuɗin haskensu ba ne. Mutum yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya. Idan ya ƙura wa allo ido, adadin kan ragu da rabi ko fiye, kuma ƙiftawar ba ta cika rufe ido duka. Shi ya sa gilashin tare shuɗin haske ba ya magance matsalar. Abin da ke taimako shi ne hutawa: bayan kowane minti 20 a dubi abu mai nisan kamar mita 6 na tsawon daƙiƙa 20, a kuma ajiye allon ƙasa da saitin ido.

Ana cewa ciwon tsofaffi ne

Rabin gaskiya ne. Ta fi yawa bayan shekara 50, musamman ga mata bayan ɗaukewar al'ada. Amma matasa ma na samunta, ciki har da masu manna gilashi a ƙwayar ido. Ciwon sukari, ciwon maƙoƙo da sanyin gaɓoɓi mai kumburi na jawo ta, haka wasu magungunan ƙaiƙayi da mura, da na sa fitsari, da na damuwa. Idan ido da baki suka bushe tare har abinci na wuyar haɗiya, likitoci kan yi zargin ciwon da likitan ido Henrik Sjögren na ƙasar Suwidin ya bayyana a 1933, inda garkuwar jiki ke far wa gaɓoɓin hawaye da na yawu.

Ana cewa ana ɗaukar ta kamar afolo

Ƙarya ne. Afolo, wanda ya ɓulla a Ghana a 1969, ƙwayar cuta ke kawo shi, yana yaɗuwa ta hannu da tawul, yana wucewa cikin mako ɗaya ko biyu. Bushewar ido ba a ɗaukar ta, kuma takan daɗe. Saboda haka maganin ɗigawa na kashe ƙwayoyin cuta ba shi ne maganinta ba.

Ana cewa nono, ruwan sukari ko kwalli na warkar da ita

Nan haɗarin ya fi girma. Ruwan nono, ruwan sukari, ruwan albasa, lemun tsami, fitsari da saƙe-saƙen ganye ba ɗayansu da ke maye gurbin hawaye. Wasu na ƙona saman ido, wasu na shigar da ƙwayoyin cuta har gyambo ya fito a baƙin ido ya bar tabo. Kwalli ado ne mai daɗaɗɗen tarihi, amma gwaje-gwaje sun nuna da yawan wanda ake sayarwa a kasuwa na ɗauke da dalma, gubar da ke cutar da ƙwaƙwalwar yara. Kuma daidai kan kafofin maiƙo ake zizara shi. Yawan wanke cikin ido da ruwan famfo ma na kwashe maiƙon da ya rage.

Ana cewa duk maganin da ya kawar da jan ido ya yi aiki

Ƙarya ne. Magungunan da ke sa ido ya yi fari matse jijiyoyin jini kawai suke yi, da an daina sai jan ya dawo. Masu sinadarin sitiroyid, irin su deksametason, suna kawo sauƙi nan take, amma ɗiga su wata da watanni ba tare da kulawar likita ba na iya jawo hawan jinin ido da yana. Ganin da hawan jinin ido ya tafi da shi ba ya dawowa.

Ana cewa man kifi na magance ta

Ba a tabbatar ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2018 ya bi marasa lafiya 535 tsawon shekara guda, bai ga man kifi ya fi man zaitun da aka kwatanta shi da shi ba.

Ana cewa tana makantarwa

Da wuya, ga irin wadda aka saba gani. Amma akwai mai haɗari: wadda ƙarancin bitamin A ke kawo wa yara, musamman bayan ƙyanda ko tamowa. Takan fara da dundumi, ta kai ga narkewar baƙin ido. Don haka ake ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 bitamin A duk bayan wata shida. Hanta, ƙwai, manja, karas, zogale da mangwaro na ɗauke da shi.

Maganin gaskiya

Don gano larurar, a asibiti akan saƙala 'yar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5; idan jiƙewar ba ta kai milimita 5 ba, ruwan hawaye ya gaza ƙwarai. Akan kuma ɗiga rini a ga ko hawaye na tsagewa kafin daƙiƙa 10.

Matakin farko shi ne hawayen kwalba, wato ruwan ɗigawa mai jiƙa ido. Wanda ke buƙatarsa fiye da sau huɗu a rana ya fi dacewa da marar sinadarin hana lalacewa. Don buɗe kafofin maiƙo, ana jiƙa tsaftataccen ƙyalle da ruwan ɗumi, a ɗora kan rufaffen ido minti 5 zuwa 10, a murza fatar a hankali zuwa wajen gashi, a goge bakinta. Tabarau na tare iska da ƙura. Idan waɗannan ba su wadatar ba, likita na iya rubuta maganin rage kumburi, ko ya toshe 'yar kafar da hawaye ke zurarewa zuwa hanci.

Ga mafi yawan mutane larurar lallaɓa ta ake yi, kamar hawan jini, ba a yi mata sha-yanzu-magani-yanzu. Amma ciwo mai tsanani, raguwar gani da ba ta washewa da ƙiftawa, farin ɗigo a baƙin ido, ko ruwan ƙwantsa mai kauri, alamu ne na wani abu da ya wuce bushewa, kuma suna buƙatar ganin likitan ido a ranar.