Gyaran Kwamfuta a Birnin Kano: Aboki Zai Biya, Ko Zumunci Ya Isa?

Daga Wakilinmu a Kano

A cikin unguwannin birnin Kano, tun daga Yakasai har Gwale, daga Koki zuwa Mandawari, da wuya a halin yanzu a rasa wani saurayi wanda jama'a suka shaida cewa ya iya kwamfuta. Wani ɗalibi ne a Jami'ar Bayero, wani ƙaramin ma'aikaci ne a Sakatariyar Audu Baƙo, wani kuwa ya yi shekara biyu ko uku yana koyon gyara a Kasuwar Farm Centre ko a Titin Beirut, can wajen ganuwa. Ko wanne ne daga cikinsu, zauren gidansu ba ya rabuwa da masu sallama bayan sallar isha'i, kowa rungume da kwamfutarsa kamar mai kai yaro asibiti.

Yawancin masu zuwan nan ba baƙi ba ne. Akwai abokin karatu, akwai abokin aiki, akwai ɗan maƙwabci, akwai kuma kawu wanda ya aiko yaro da saƙon cewa a duba masa kafin safiya. Idan aiki ya ƙare sai a yi godiya, a sa albarka, a tafi. Mai gyara ya bi su da kallo, bakinsa ya yi nauyi, domin kunya ba za ta bar shi ya ambaci kuɗi ba. Wannan al'amari ƙarami ne a ido, amma ya raba abokai da dama, ya kuma sa samari masu basira sun fara ɓoye iyawarsu don gudun wahala.

YADDA BUKATAR TA YAWAITA

Kafin shekarar 2001, lokacin da wayar salula ta shigo Nijeriya, kwamfuta abin manyan ofisoshi ce da bankuna. Yau kuwa ta zama kamar alƙalami. Tun daga shekarar 2015 hukumar shirya jarrabawar shiga jami'o'i ta mayar da jarrabawarta duka ta kwamfuta. Ɗalibin da ke shekarar ƙarshe ba ya kammala kundinsa sai da ita, haka ma ma'aikacin da ke shirya takardun albashi ko rahoton wata.

Sa'an nan kuma ga tsada. A watan Mayu na shekarar 2023 ne Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur, wata guda bayan haka aka saki darajar naira. Dalar Amurka da ake canzawa wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Da yake batir da allo da rumbun ajiya duk daga waje ake shigo da su, sai farashinsu ya bi dala. Ma'aikacin Jihar Kano da ke kan mafi ƙarancin albashi na naira 71,000, wanda aka amince da shi a 2024, ba shi da halin sayen sabuwar kwamfuta idan tsohuwar ta tsaya. Dole ya nemi gyara, kuma dole ya nemi mai sauƙi. Shi ya sa idonsa ke fara faɗawa kan abokinsa.

AIKIN DA IDO BA YA GANI

Babbar matsalar mai gyaran kwamfuta ita ce wahalarsa ba ta bayyana. Marini a Ƙofar Mata hannunsa kan yi shuɗi, maƙeri kan yi gumi a gaban zuga, kowa kuwa ya gani. Shi mai gyaran kwamfuta zaune yake yana kallon allo, yana danna madannai jefi-jefi, saboda haka mai kaya yakan ɗauka cewa ɗan taɓawa kawai aka yi.

Alhali kuwa kwamfutar da ta ƙi tashi tana iya cinye yini guda. Sai an fara gano ko ciwon na ƙarfe ne ko na manhaja. Idan na manhaja ne, sai an kwashe takardun mai ita zuwa wani ma'aji, a share rumbun, a zuba sabuwar manhaja, a sauko da abin da ya rage ta intanet, sa'an nan a mayar da takardun ɗaya bayan ɗaya. Data ta mai gyara ce. Idan an ɗauke wuta a tsakiyar aiki, man janareto ma nasa ne. Ga kuma shekarun da ya yi yana koyo, waɗanda su ne suka sa ya gane cikin minti goma abin da wani zai kwana uku bai gano ba.

Har ila yau wahalar ba ta ƙarewa ranar da aka mayar da kaya. Wanda ya taɓa kwamfuta sau ɗaya ya zama likitanta har abada. Bayan wata uku idan caja ta ƙone, ko yara suka zuba mata shayi, sai a ce ai tun da wane ya taɓa ta ba ta sake daidai ba. Ga aikin kyauta, ga zargi a kansa.

YADDA MAGABATA SUKA YI

Masu cewa bai kamata a karɓi kuɗin aboki ba sukan kafa hujja da al'ada, suna cewa a dā masu sana'a ba su yi wa nasu ciniki. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta aka faɗa. Kano gari ne na sana'a da ciniki tun kafin Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, kuma sunayen unguwanni irin su Dukawa da Soron Ɗinki suna nuna yadda sana'a ta zauna a cikin birni. Mutanen da suka rayu da sana'a ɗaruruwan shekaru a tsakanin dangi da maƙwabta ba su rayu da godiya kaɗai ba.

A duba wanzamin gida. Yakan yi wa maigida aski ba tare da an yi ciniki ba, amma ranar suna yana da kasonsa na nama da kuɗi, da sallah kuma ba a mantawa da shi. Manomin da aka yi wa gayya yakan ciyar da waɗanda suka zo, kuma ya san ranar da za a kira shi gonar wani. Matar da aka kai wa biki tana riƙe da lissafin abin da aka kawo mata, domin ta mayar da fiye da haka idan ranar ƙawarta ta zo. Ko yaron da aka aiko da kyauta ba ya komawa hannu sake, sai da tukuici. Watau dai a tsarin magabata ba a ambaton farashi, amma kowa ya san abin da ke kansa, wanda ya ƙi saukewa kuwa gari ya san shi.

Abin da ya faru da gyaran kwamfuta shi ne an riƙe rabin al'adar, an yar da rabi. An riƙe kunyar da ke hana mai sana'a tambaya, an yar da kunyar da ke hana mai kaya tafiya bai ajiye kome ba.

ABIN DA LITTATTAFAN ZAURE SUKA TANADA

Malaman fiƙihun Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan birni, sun daɗe da rarrabe wannan mas'ala. Akwai ijara, inda ake ɗaukar mutum aiki sananne a kan lada sananne. Akwai kuma ji'ala, inda ake cewa idan ka gyara kana da kaza, idan ba ta gyaru ba babu kome. Wannan ta biyu ta dace ƙwarai da aiki irin na ceto takardun da suka ɓace, wanda ba a san ko zai yiwu ba sai an gwada. A duka biyun sharaɗi ne a san ladan tun farko. Maganar nan ta "ka yi kawai, ba za mu ɓata ba" ita ce ainihin abin da malamai suka yi gudu, domin kowane ɗaya yana tafiya da nasa lissafi a zuci. In har aka yi aiki a kan ladan da ba a fayyace ba, hukuncin shi ne a koma ga abin da aka saba biyan irin wannan aiki a gari.

Akwai kuma wani hukunci da ya kamata kowane mai gyara ya sani. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ya nuna cewa mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa ya yi aiki a kansu ba a gaban mai su ba, ko da lada ya yi aikin ko kyauta. Masu sharhi sun bayyana cewa wannan ya shafi wanda ya kafa kansa yana yi wa jama'a aiki, sai fa idan ya kawo shaidar cewa kayan sun salwanta ba da sakacinsa ba. Ashe ke nan mai shago a Farm Centre da ya karɓi kwamfutar abokinsa kyauta ya ɗauki nauyin da ya yi daidai da na baƙon da ya biya. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shi wannan bai ci ladan ba, amma askin na wuyansa.

Game da ko ciniki yana rage ƙauna, tarihi ya ba da amsa. Lokacin Hijira, a shekarar 622, Sayyidina Abubakar ya miƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ɗaya daga cikin raƙuma biyu da ya tanada, Annabi kuwa bai karɓa ba sai a kan zai biya kuɗinta. Babu abota da ta kai wannan. A wata tafiyar kuma ya sayi raƙumin Jabir ɗan Abdullahi, da aka isa Madina ya biya shi, sa'an nan ya bar masa raƙumin da kuɗin duka. A nan an ga ciniki a fili, an kuma ga kyauta a fili, ba a cakuɗa su ba.

A OFIS MAGANAR DABAN CE

Ma'aikatan gwamnati suna da wani abin lura na musamman. Jami'in da aka ɗauka don kula da kwamfutocin ma'aikata, gyaran na'urar ofis aikinsa ne, albashinsa kuwa shi ne ladansa. Idan ya nemi na goro kafin ya duba kwamfutar ofishin akanta, wannan ya tashi daga lada ya koma cin hanci. Idan kuma abokin aiki ya kawo tasa ta gida da ƙarfe goma na safe, lokacin da za a ɓata a kanta na gwamnati ne, ko an biya ko ba a biya ba.

Bayan haka, Jadawali na Biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da wata sana'a ko kasuwanci na kansa, in ban da noma. Don haka ma'aikacin da ya mayar da teburinsa shagon gyara yana wasa da aikinsa. Akwai kuma nauyin da ke kan manya. Idan darakta ya miƙa wa ƙaramin ma'aikaci kwamfutar ɗansa, yaron ba shi da bakin cewa a'a, balle ya ambaci kuɗi. Abin da aka karɓa ta wannan hanya sunansa kyauta, amma ba da daɗin rai aka bayar ba.

Ɗalibai su ma suna da nasu. Kwamfuta a yau ta ƙunshi hotunan iyali, da wasiƙu, da lambobin sirri na banki. Wanda ya miƙa ta ga aboki ya miƙa masa asirinsa, kuma da yawa sun fi son aboki daidai saboda wannan dalili. Amanar da ta sa aka tsallake shaguna ɗari aka zo zaurensa ita kanta abu ce mai daraja, bai kamata ta zama dalilin tauye shi ba.

INA MAFITA?

Masu gyaran da suka daɗe a sana'ar, waɗanda kuma ba su rasa abokansu ba, galibi hanya ɗaya suke bi. Iyaye da malamai da wanda aka san ba shi da hali, ana yi musu don Allah, kuma a gaya musu haka. Abin da bai wuce duba da shawara ba, ba a karɓar kome a kansa. Kayan da za a saya kuwa, ko na wane ne, mai kwamfuta ke biya, kuma ya fi kyau a tafi kasuwa tare ko a kawo masa rasit. Aikin da zai ci yini, sai a faɗi kuɗinsa kafin a kwance ko da ƙusa ɗaya, a yi wa aboki ragi, a kuma sanar da shi cewa ragi aka yi masa. Kafin a fara, a tambaye shi ko ya adana takardunsa a wani wuri, domin kundin shekara guda idan ya ɓace, ba kuɗin da zai mayar da shi, ba kuma abotar da za ta tsira.

Amma nauyi mafi girma yana kan mai kaya. Shi ya kamata ya fara tambayar nawa ne, tun kafin ya ajiye jakarsa, domin ya sauke wa abokinsa kunya. Idan mai gyara ya ce a bar shi, to, kyauta ta tabbata, ladanta na wanda ya yi ta, sai a karɓa da godiya a kuma riƙe ta a zuci har ranar ramawa. Kyauta hakkin mai bayarwa ce, ba a yanke wa mutum ita a bayan idonsa.

Samarin nan da ke zaune a zaurukan birni da sukuddireba a hannu su ne magadan marina da dukawa da maɗinka na wannan zamani. Idan 'yan'uwa da abokai, waɗanda su ne kasuwarsu ta farko, suka saba musu da aikin banza, sana'ar ba za ta riƙe su ba, kuma unguwa ce za ta yi asara ranar da aka nemi mai gyara aka tarar ya koma wani aikin. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Wanda ƙafarsa ta san hanyar zauren mai gyara ranar da kwamfuta ta tsaya, ya kamata ta san ta ranar suna da ranar jinya, hannunsa kuma ya san hanyar aljihu.