Ko Ka Sani? Farin Ɓeran da Ake Ɗora wa Ciwon Maza

Ko ka san akwai farin ɓeran da masana ke sa wa kumburin furostet da gangan? Furostet wani ƙullutu ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa. Cikin mazan da ke fama da kumburinsa, kusan 9 cikin 10 ba a samun ƙwayar cuta in an yi musu gwaji. Ga ciwon mara, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, amma ba abin da maganin kashe ƙwayoyin cuta zai kashe. Shi ya sa aka fara zargin garkuwar jiki ita kanta.

Don a gwada zargin, masu bincike, musamman na Jami'ar Kordoba ta Ajantina, sukan ɗauki ɓera jinsin Wistar, wanda aka fara kiwonsa a Filadelfiya ta Amurka a 1906, su yi masa allurar ruwan da aka tatso daga furostet ɗin wasu ɓerayen. Sai garkuwar jikinsa ta ɗauki nasa furostet ɗin a matsayin baƙo, fararen ƙwayoyin jini su yi masa caa.

Makaminsu iskar oksijin ce da suke juyawa ta koma guba, ciki har da haidirojin faroksaid, ruwan nan na wanke ciwo. Gubar ba ta san na gida ba. Tana cin kitsen da ya lulluɓe ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Jiki kuwa bai naɗe hannu ba, yana da masu kawar da ita, kamar sinadarin katalas. Ka taɓa lura da farar kumfar da ke tasowa in an zuba ruwan nan a kan sabon rauni? Aikin katalas ke nan. Ƙwayarsa ɗaya tak tana farfasa miliyoyin ƙwayoyin gubar a daƙiƙa guda, ta mai da su ruwa da iska. Sai in kumburi ya daɗe, gubar ta rinjayi masu kawar da ita, sannan nama ya fara lalacewa.

Amma fa ɓera ba mutum ba ne. Furostet ɗinsa a rarrabe yake, namu dunƙule guda. Hantarsa ma tana haɗa masa bitamin C, mu kuwa sai mun ci a abinci. Don haka in mai talla ya ce maka an gwada maganinsa a kan ɓera ya yi aiki, kada ka yi saurin zura hannu aljihu. Fara ganin likita tukuna.