Jinyar damuwa daga Dakoro: lissafin da ake yi kafin zuwan farko

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum ɗaya cikin 8 a duniya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, mutum miliyan 970 ke nan. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, sama da kashi 75 cikin ɗari na masu ciwon damuwa ba sa samun kowace irin jinya.

Alƙaluman hukumar na 2020 sun nuna dalili. Matsakaicin duniya shi ne ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa 13 ga kowane mutum 100,000, a Afirka kuwa 1.6. A ƙidayar 2012, gundumar Dakoro ta haura mutum 600,000. Da ma'aunin Afirka, rabonta ma'aikata kusan 10. Da na duniya, kusan 80. Wannan kwatanci ne kawai, domin ƙwararrun Nijar galibi suna manyan birane, kuma sanannen sashen masu taɓin hankali, Pavillon E, yana babban asibitin Yamai. Abin da gwamnatocin Afirka ke kashe wa kowane mutum a wannan fanni bai kai rabin dalar Amurka ba a shekara. A kuɗinmu wajen sefa 300 ne, dala sittin a bakin ƴan kasuwa. Sauran daga aljihun iyali yake fita.

Daga 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin duba marasa lafiya a asibitocinta da rabi. Sauƙi ne na gaske, sai dai takardar ganin likita ita ce mafi arha a wannan lissafi. Ragin bai shafi kuɗin mota ba, bai shafi maganin da za a saya a kanti idan na asibiti ya yanke ba, balle ranar aikin da ɗan rakiya ya bari.

Jinyar kuma tana da tsawo. Tsarin tattaunawa na gajeren zango da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, PM+, zama 5 ne, kowanne minti 90, mako-mako. Tsakanin Dakoro da Maradi ya haura kilomita 100. A ce a can ake zaman, zuwa da dawowa sau 5 ya wuce kilomita 1,000, kuma da wuya a bar marar lafiya, musamman mace, ta tafi ita kaɗai. Kujera biyu ke nan a mota. Magunguna irin amitriptyline da fluoxetine sukan ɗauki makonni kafin a ga aikinsu, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an samu sauƙi. Wanda ya sayar da akuya don watan farko kaɗai ya sayi rabin jinya, ga haɗarin ciwon ya dawo. A tuna mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne a wata tun Janairun 2024, manomin gero da makiyayi kuwa ba su da albashin ma.

Yawancin gidaje sukan fara da malam, da rubutu da ruƙiyya. Wannan ma kuɗi ne, ya kamata ya shiga lissafi tun wuri.

Ni a ganina ƙofar farko ita ce cibiyar lafiya (CSI) mafi kusa ko asibitin gundumar Dakoro. A tambayi ma'aikacin jinya ko akwai wanda aka horar kan lalurar ƙwaƙwalwa, zuwa nawa za a yi, maganin na wata nawa ne, kuma ko za a iya karɓarsa a nan bayan ganin ƙwararre sau ɗaya a Maradi. Amma wanda ya fara zancen kashe kansa, a kai shi asibiti a ranar, ko da bashi ne.