Wi-Fi Marar Suna A Cikin Gidanka: Ɓarawo Ne Ko Ɗan Gida?

Duk wanda ya biyo hanyar Sakkwato zuwa Goronyo ya yada zango a Achida ranar kasuwa, ya san ciniki ya koma cikin waya. Mai POS na ƙarƙashin lemarsa yana jiran kuɗi su shigo, dillalin shanu na ɗaukar hoton bijimi yana tura wa mai saye a Kudu, mai albasa daga Wurno ba zai yi lodi ba sai ya ji farashin Legas. Wannan buƙatar ce ta shigo da rauta shaguna da gidaje. Akwai ƙarama mai kamar sabulu da ake sa wa sim a jefa aljihu, akwai babba mai ƙahoni da ake jona wa sola, ga kuma ta Starlink, wadda ta fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023. Aikinsu ɗaya ne, su ɗauko intanet su raba wa wayoyin gida ta iska.

To, mu ɗauka ɗalibi ya dawo hutu daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwamfutarsa. Ya buɗe jerin Wi-Fi, ya ga sunan na gidansu, a ƙarƙashinsa kuma ga wani babu suna. Kwamfuta ta rubuta masa "Hidden Network" da Turanci, wato ɓoyayyen layi, siginarsa kuwa cike take kamar ta gida. Ya ce, "Baba, akwai wani Wi-Fi a gidan nan da ba mu san shi ba." Tsoho ya rage muryar rediyo ya ce, "Na wa ne?"

A gabashin Sakkwato wannan tambaya ba ta wasa ba ce. Mutanen Rabah da Goronyo ba su manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta sanar da katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar, don raba 'yan bindiga da masu tsegunta musu labari. A yankin da kalmar infoma ta zama ruwan dare a bakin jama'a, dole a tsargu da duk abin da ya shigo gida bai yi sallama ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi. Sai dai tsoro ba ya gaya wa mutum ko tsumma ne ko maciji, dubawa ce ke yin wannan. Kuma in an duba, sau da yawa za a tarar rautar gidan ce da kanta ke watsa wannan layi.

Yadda rauta ke shela

Rauta 'yar talla ce. Muddin tana kunne, kusan sau 10 a kowace daƙiƙa takan saki ɗan gajeren saƙo a iska tana cewa ga ni nan, ga sunana, ga tashar da nake, ga irin kullen da ke kaina. Wannan shelar wayarka ke ji ta jero maka sunaye. Ƙa'idar da ta tsara haka, mai lamba 802.11, ta fito tun 1997, kuma rautoci na ba da damar a bar gurbin suna fayau. In an yi haka, rauta za ta ci gaba da shelarta, sunan kawai za ta haɗiye. Abin da ake kira ɓoyayyen layi ke nan. Yawancin wayoyi ba sa ma nuna shi a jerinsu, shi ya sa zai iya shekara a gida ba a lura ba, sai ranar da aka zo da kwamfuta ko aka sa manhajar duba Wi-Fi.

Wani abin da ba kowa ya sani ba, rauta ɗaya tana iya watsa layi da yawa a lokaci guda. Sababbin rautoci suna aiki a kan zango biyu, na 2.4 GHz mai nisa da ratsa bango, da na 5 GHz mai sauri amma gajeren zuwa. A kan kowane zango kuma tana iya buɗe layi biyu ko uku. Gida ɗaya ne, ƙofofi ne suka yi yawa.

Daga ina yake fitowa?

Dalili mafi yawa shi ne haɗin rauta da rauta. A manyan gidajenmu na gandu, inda sassa ke da nisa kuma katangar laka ke da kauri, rauta ɗaya ba ta isa ko'ina, sai an ƙara ta biyu ko ta uku. Kamfanoni sun tanadi hanyar da waɗannan na'urori za su riƙa magana da juna ba tare da an ja waya ba. TP-Link na kiran tasa OneMesh, Asus na kiran tasa AiMesh, akwai kuma ta gama-gari mai suna EasyMesh da aka fitar a 2018. Kamar ƙaramar ƙofar nan ce da ake buɗewa tsakanin gidan wa da na ƙane, wadda mata da yara ke bi ba sai sun fita titi ba. Baƙo ba ya bin ta, don haka ba a rubuta mata suna. Matsalar ita ce wasu rautocin suna zuwa da wannan ƙofa a shirye tun daga kamfani, ko da rauta ɗaya tilo ka mallaka, a wasunsu ma babu maɓallin rufe ta.

Na biyu, layin baƙi ko na ƙananan na'urori irin su kyamara da ƙwan lantarki mai haɗuwa da waya. Wani lokaci yaron da ya haɗa maka rautar ne ya buɗe shi ya ɓoye sunan, ko don gwaji, ko don ya riƙa shan data in ya zo wucewa.

Na uku, kamfanin intanet da kansa. A Ingila, a 2007 kamfanin BT ya haɗa kai da kamfanin Fon suka fara buɗe layi na biyu a rautocin gidajen mutane don sauran abokan ciniki su hau. A Amurka ma Comcast ya yi haka, har a ƙarshen 2014 wasu mazauna jihar Kalifoniya suka maka shi kotu, suna cewa ya mayar da gidansu wurin shan intanet na jama'a da wutarsu ba tare da izininsu ba. Waɗancan layukan suna da suna a fili, amma darasin ya shafe mu: na'urar da ka saya da kuɗinka tana iya yin aikin da ba kai ka sa ta ba.

Na huɗu, ba rautarka ba ce sam. Talabijin na zamani, firinta, kyamarar tsaro, duk suna iya watsa nasu layin. Duk wanda ya taɓa tura bidiyo ta Xender ya ga yadda waya ke buɗe wani Wi-Fi mai baƙon suna na ɗan lokaci. Haka kuma mai yiwuwa na maƙwabci ne ya tsallako katanga.

Gwaji uku da kowa zai iya

Na farko shi ne mafi sauƙi. Zare wutar rautarka, in mai batir ce ka kashe ta, ka jira kamar minti biyu, ka sake duba jerin. In ɓoyayyen layin ya ɓace tare da naka, ɗan gida ne.

Na biyu, ka kifa rautar ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Za ka ga wata lamba mai haruffa da alƙaluma 12, an raba su biyu-biyu, kusa da kalmar MAC. Ka sauke ɗaya daga cikin manhajojin duba Wi-Fi na kyauta, za ta nuna maka irin wannan lamba a gefen kowane layi, har da marar suna. In ta yi kama da ta rautarka, bambancin harafi ɗaya ko biyu, uwarsu ɗaya.

Na uku, ka yi yawo da wayar a cikin gida kana kallon ƙarfin sigina. Wi-Fi na gida ba ya wuce 'yan mitoci gomomi, bango ma rage shi yake yi. Saboda haka layin da ke da cikakkiyar sigina a ɗakinka ba daga daji yake zuwa ba, abin da ke watsa shi yana kusa da kai. In ka kashe rauta da talabijin amma yana nan, kuma yana ƙara ƙarfi a wata kusurwa ta ɗaki, to ka bi shi har ka ga na'urar da idonka. A nan ne binciken ke da amfani, domin akwai ƙananan kyamarori da ke watsa Wi-Fi.

Shi ne ke shanye data?

Shelar da rauta ke yi a iska ba ta taɓa datar da ke kan sim. Data na tafiya ne in wata na'ura ta hau layin tana sauke abu. Rautar da muka saba gani kuma ba ta da makirufo, ba ta jin hirar tsakar gida. In data na ƙarewa kafin wata, sau da yawa ta ƙofar gaba take fita. Tun daga Android 10 da aka fitar a 2019, duk wanda ke kan Wi-Fi ɗinka yana iya nuna wa abokinsa ɗan hoton nan mai murabba'i, ya ɗauka da kyamara ya hau, ba tare da kowa ya furta kalmar sirri ba. Yaro ɗaya ya ba abokai uku, su ma su ba nasu, kafin ka ankara dakalin ƙofar gida ya zama majalisar kallon ƙwallo. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai kuma masu ɓoye sunan Wi-Fi ɗinsu da gangan suna ganin sun kulle gida. Goge lambar gida ba ya hana ɓarawo ganin ƙofa. Duk lokacin da wayarka za ta hau ɓoyayyen layi, dole ta ambaci sunansa a iska, mai kayan aiki kuwa yana ji. Ƙari a kan haka, wayar da aka saba mata da ɓoyayyen layi takan riƙa kiran sunansa duk inda ta je, a tasha ko a kasuwa, tana neman ko yana kusa.

Inda kullen gaskiya yake

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kama dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci a duniya, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai da jerin kalmomin sirri wajen 60 da kamfanoni ke sa wa na'urori, waɗanda masu su ba su taɓa canzawa ba. Saboda haka ka shiga shafin saitin rautarka. Adireshinsa yana kan takardar ƙasanta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a yawancin na Huawei kuma 192.168.8.1. Ka fara canza kalmar shiga shafin, wadda sau da yawa "admin" ce kawai. Ka zaɓi kulle irin WPA2 ko WPA3, ka sa kalmar sirri mai tsawo wadda ba lambar wayarka ba ce ko sunan ɗanka. Ka kashe WPS, wato gajeriyar hanyar hawa layi ba da kalmar sirri ba, domin tun Disamban 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna yadda ake fasa lambarsa mai alƙaluma 8. Ka duba jerin na'urorin da ke kan layin, ka ƙirga su da wayoyin gida. Ka kashe layin baƙi da haɗin rauta da rauta in ba ka amfani da su. In rauta ta hannu ka saya, ka danna ɗan ramin da ke bayanta da tsinke ta koma yadda ta fito daga kamfani, don ba ka san abin da mai ita na farko ya bari a ciki ba.

Mutumin Achida ba ya biyan kuɗin sa sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora, ya sa an taka da shi ya ga tafiyarsa. Rauta ma dukiya ce, kuma ta cikinta kuɗin POS da saƙonnin iyali ke wucewa. Kafin ka biya, ka sa mai shago ya kunna ta a gabanka, ya nuna maka layi nawa take watsawa, wanne ake iya kashewa, sannan kai da hannunka ka sa kalmar sirri. Ranar da wani layi marar suna ya bayyana, tsoho ya tambayi na wa ne, ɗansa zai zare waya ɗaya daga soket, ya jira minti biyu, ya ba shi amsa.